Ido Wa Ka Raina? Sharhi Kan Zane-zanen Chardin da Darasinsu ga Marubucin Hausa

Gabatarwa

A gidan tarihi na Louvre da ke birnin Faris, wanda a da fadar sarakunan Faransa ne, akwai zane-zane masu girman bangon ɗaki, na yaƙe-yaƙe da naɗin sarauta da liyafar manya. A cikin tarin nan kuma akwai wani ɗan ƙaramin zane a kan allon katako, tsawonsa kamar santimita 28, faɗinsa 23, wato dai kusan girman fallen takardar da muke rubutu a kai. Babu mutum a cikinsa, babu doki, babu fada. Abin da ke ciki wata tukunyar ajiye ruwa ce ta jan ƙarfe, mai murfi da ɗan famfo a gindinta, an ɗora ta a kan mazauni mai ƙafafu. A ƙarƙashin famfon akwai bokiti, a gefe kuma tulu da wani kasko mai dogon mariƙi. Da a gidajenmu ne, da cewa za mu yi randa ce da guga da moɗa. Wani Bafaranshe mai suna Jean-Siméon Chardin, wanda ake furta sunansa Shardan, shi ya zana ta a wajen shekarar 1734, kuma yau kusan shekara ɗari uku ke nan mutane na tsayawa a gabanta suna kallo.

Mai karatu na iya tambaya, me ya kawo zancen mai zanen Faransa a mujallar marubuta? Amsar ita ce, mai zane da marubuci duk da ido suke fara aiki kafin hannu ya karɓa. Masu iya magana sun ce, ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani yau da gobe. Wannan raini ciwo ne da ya kama rubutunmu na ƙirƙira, kuma muna ganin akwai maganinsa a aikin wannan mutum. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa ke nan a wannan sharhi.

Asalin Wannan Nau'in Zane

Irin zanen da muke magana a kai shi ne wanda mai zane zai jera abubuwan da ba su motsi, kamar kwano da tulu da burodi da albasa da furanni, ya zauna ya zana su. Mutanen Holan sun raɗa masa suna mai ma'anar rayuwar da ta tsaya cik, Faransawa kuma suna ce masa matacciyar halitta. Mu a nan za mu kira shi zanen sandararrun abubuwa. Tsohon abu ne ƙwarai. A garuruwan Pompeii da Herculaneum na ƙasar Italiya, waɗanda aman wutar dutsen Vesuvius ya binne a shekara ta 79 Miladiyya, an tono bangayen gidaje masu zanen 'ya'yan itace da ƙwai da tulun gilashi mai ruwa a ciki. A wajen 1599 Caravaggio ya zana kwandon 'ya'yan itace wanda yanzu yake birnin Milan, bai kuma ɓoye hujin da tsutsa ta yi wa tuffa ba, balle ganyen da ya fara yaushi.

Duk da tsufansa, masana zane na Turai ba su ba shi daraja ba. A shekarun 1660 wani masani na Majalisar Masu Zane ta Sarkin Faransa, André Félibien, ya tsara wa zane martabobi kamar yadda ake tsara sarautu. A sama akwai mai zanen tarihi da ƙissoshin addini, sai mai zanen fuskokin mutane, sai mai zanen dabbobi masu rai, sai mai zanen daji da filaye. A can ƙurya, wajen ajiye takalma, aka zaunar da mai zanen furanni da 'ya'yan itace. Hujjarsu ita ce mutum ya fi kowace halitta daraja, don haka wanda ya zana mutum ya fi wanda ya zana tukunyarsa. Wannan martaba tana tafe da kuɗi, domin da ita ake yanka farashi, da ita kuma ake ba da muƙami.

Chardin da Yadda Yake Kallo

An haifi Chardin a Faris a 1699, mahaifinsa kafinta ne. Bai je Rum karatu ba kamar yadda manyan masu zane na zamaninsa suke yi, kusan duk rayuwarsa ma a Faris ya yi ta har ya rasu a 1779. A 1728 Majalisar Masu Zane ta karɓe shi a wannan martaba ta ƙurya, bisa zane biyu da ya gabatar. Ɗaya daga cikinsu hoton wani faffaɗan kifin teku ne da aka farke cikinsa aka rataye a ƙugiya, ga kyanwa ta gantsare a gefe guda, ga tulu da tukunya da wuƙa a ɗaya gefen. Abu ne da mai shiga madafa zai kawar da kai daga gare shi. Amma Chardin ya bi jan jinin da farin naman da shuɗin jijiyoyin da natsuwa, har abin ƙyama ya zama abin da ido ba ya gajiya da shi.

Abokinsa Charles-Nicolas Cochin ya ba da labarin yadda ya fara. Wai da ya tashi zana wani zomo da aka farauto, sai ya ajiye shi da ɗan nisa, yadda ba zai iya ƙirga gashinsa ɗaya bayan ɗaya ba, ya kuma ƙudura a ransa zai manta da yadda ya ga wasu suna zana zomo. Abin da ya sa a gaba shi ne siffar abin a dunƙule, da launinsa, da yadda haske da inuwa suka raba shi. Wannan labari yana ɗauke da abu biyu da ya kamata mu riƙe. Na farko, wanda zai ga abu da kyau sai ya ture hoton da ya haddace daga wasu. Na biyu, kallo na gaskiya zaɓe ne, domin wanda ya tsaya ƙirgar gashi zomon ne zai kuɓuce masa. Masanin nan Denis Diderot, wanda ya yi ta sharhi a kan nune-nunen zane na Faris, ya lura da haka a 1763: in ka matsa kusa da zanen Chardin fenti kawai za ka gani a cakuɗe, sai ka ja da baya sannan kwalba ta zama kwalba.

Mu koma ga tukunyar jan ƙarfen nan. Abu na farko da mai kallo zai lura da shi shi ne ta cika allon, ta zauna daram a tsakiya kamar yadda ake zana basarake. Launukan kaɗan ne, ja da ruwan ƙasa da ruwan goro da baƙi-baƙi. Ƙyallin jan ƙarfen ba na sabon kaya ba ne, irin dusasshen ƙyallin nan ne na abin da aka shekara ana gogewa. Babu abin da aka sa don ado. Kowane abu yana inda mai aiki za ta miƙa hannu ta same shi: bokiti daidai bakin famfo, kasko a kusa. Saboda haka ko da babu mutum a zanen, mai kallo yana jin yanzun nan wata ta ɗebi ruwa ta fita, kuma yanzun nan za ta dawo. A ganinmu nan ne kyawun zanen yake, wato alamar hannun mutum da ta zauna a jikin kayan.

Kayan Nuni da Kayan Aiki

Domin mu gane abin da Chardin ya yi, yana da kyau mu ajiye shi kusa da wani gwani da ya riga shi, wato Willem Kalf na Holan, wanda ya rayu daga 1619 zuwa 1693. A zamanin Kalf jiragen ruwan Holan suna kwaso dukiya daga Gabas, musamman bayan kafa kamfaninsu na cinikin Gabashin Indiya a 1602. Attajiran Amsterdam suna son ganin arzikinsu a bango, Kalf kuwa ya ba su abin da suke so: tangaran na ƙasar Sin, da tiren azurfa, da tambulan mai tsada, da dardumar Gabas, da lemon tsami da aka fere rabi ɓawonsa yana reto. Babu mai musun ƙwarewarsa, haske a zanensa kamar ka taɓa. Amma saƙon da kayan ke isarwa shi ne mai gidan nan yana da hali.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin amarya a ƙasar Hausa a zamanin jeren kwalla da tasa da samira ya ga irin wannan fasaha. Mata ne suke tsara kwanukan nan, babba a ƙasa ƙarami a sama, launi ya bi launi, har bango ya cika. Fasaha ce ta gaske, wadda manazartanmu ba su ba ta haƙƙinta ba. Sai dai kwanon jere ba a cin tuwo a cikinsa. Aikinsa shi ne ya gaya wa 'yan ganin ɗaki irin ƙoƙarin da iyayen amarya suka yi. Kwanon da ake ci a ciki yana can madafa, ya lotsa, fentinsa ya ɓantare, kuma in baƙi za su zo shi ake fara ɓoyewa. To Kalf mai zanen jere ne, Chardin kuwa kwanon da ake ɓoyewa ya ɗauko ya ajiye a gaban jama'a.

Saurayin Proust da Littattafanmu

A wajen 1895 marubucin Faransa Marcel Proust, yana saurayi, ya rubuta wata maƙala a kan Chardin, wadda ba a buga ba sai bayan rasuwarsa. A ciki ya kawo misalin wani matashi ɗan masu ƙaramin ƙarfi, mai son kyawawan abubuwa, yana zaune a gida an gama cin abincin rana ba a kwashe kwanuka ba. Duk abin da ya kalla a ɗakin haushi yake ba shi, yana ta ƙyashin masu kuɗi da gidajensu. Irin wannan matashi in ya je Louvre wajen zanen fadoji da 'ya'yan sarakuna yake nufa. Proust ya ce shi kuwa hannunsa zai kama ya kai shi gaban zane-zanen Chardin, domin in ya koma gida ya tarar da wuƙa da ƙyallen tebur da ragowar abincin da ya raina sun zama abin kallo.

'Yan'uwa marubuta, wannan matashi mun san shi. Shi ne mai karanta littattafanmu, sau da yawa ma shi ne mai rubuta su. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 da littattafan ƙirƙira suka cika kasuwar Kano, har zuwa waɗanda ake karantawa a waya yau, akwai wani salo da ya ƙi barinmu. Da zarar tauraro ya shigo labari, sai a gaya mana sunan motarsa, da ƙasar da aka sayo agogonsa, da yawan falon gidansu, da irin turaren da ya fesa. In aka zo kan gidan su yarinyar da yake so, wadda galibi 'yar talakawa ce, sai a sallame mu da jimla guda, a ce gidan ƙasa ne mai ɗaki biyu. Abin mamaki shi ne, marubucin ya fi sanin gidan ƙasar nan fiye da wancan falo. A cikinsa ya tashi, ya san ƙamshin randarsa da ƙarar ƙyaurensa. Falon kuwa a fim ya gan shi, ko a littafin wani, shi ya sa falon wannan littafi da na wancan duk ɗaya ne. Mun bar zomon da ke gabanmu muna zana wanda muka haddace.

Ba muna cewa laifi ne a rubuta labarin masu kuɗi ba, kuma mun san dalilin da ya sa mai karatun da talauci ya dama yake son littafi ya fitar da shi daga gida na ɗan lokaci. Waɗannan marubuta su ne suka sa dubban mutane, musamman mata, karatun Hausa, wannan kuwa ba ƙaramin aiki ba ne. Abin da muke jin tsoro shi ne asarar da ke biyo baya. Yarinyar da ta karanta littafi hamsin, ba ta taɓa cin karo da irin ɗakin mahaifiyarta a ciki ba sai a matsayin wurin da ake addu'ar fita daga cikinsa, darasin da za ta ɗauka shi ne rayuwarta ba ta kai a rubuta ba. Asara ta biyu ta harshe ce. Kalmomi irin su moɗa da maburgi da muciya da faifai da akushi da ragaya da gammo suna raye ne muddin ana faɗarsu. Kayan roba sun riga sun kori da yawa daga cikin abubuwan daga gidajen birni. In littafi ma ya kore su, ina jikokinmu za su same su?

Bugu da ƙari, kayan aiki suna ba da labarin mai su fiye da yadda kayan nuni suke yi. A 1886 Vincent van Gogh ya zana wasu tsofaffin takalma sau ciki, sun sha tafiya sun tattare, zanen yana Amsterdam yanzu. A shekarun 1930 masanin falsafa Martin Heidegger ya kalle su ya ga wahalar wata manomiya a gona. A 1968 masanin tarihin zane Meyer Schapiro ya ce sam, takalman mai zanen ne da kansa. Ko wane ne ya yi daidai, abin lura shi ne tsohon takalmi ya tilasta wa manyan masana biyu neman ƙafar da ta sa shi, abin da sabon takalmi a kanti ba zai taɓa yi ba. Haka abin yake a labari. Marubuci na iya cika shafi yana gaya mana cewa tsohuwa mai tattali ce kuma talauci ya kama ta. Yana kuma iya nuna mana ƙwaryar furarta da gyartai ya ɗinke sau uku, ta ƙi yarda a yar domin da ita aka kawo ta gidan. Na biyun ya fi gajarta, kuma shi ne zai zauna a ran mai karatu.

Ƙorafe-ƙorafe

Adalci ne mu kawo abin da za a iya faɗa a kan wannan ra'ayi namu. Na farko, wani zai ce ƙawata kayan talaka wata hanya ce ta lallashinsa ya zauna cikin talauci, kuma mai ƙoshi ne yake ganin kyawun fasasshiyar ƙwarya. Wannan magana tana da nauyi. A watan Maris na 2022 an yi gwanjon wani zanen Chardin na 1761 a Faris, hoton kwando cike da wasu jajayen 'ya'yan itace na daji, ƙanana kamar magarya, da tambulan ɗin ruwa da fararen furanni biyu. An saye shi a kan sama da Yuro miliyan 24. Gwamnatin Faransa ta hana a fitar da shi daga ƙasar, sannan a 2024 Louvre ta mallake shi da taimakon gudummawar jama'a da ta 'yan kasuwa. Zanen da aka ajiye a wajen takalma ya koma kayan jeren attajirai ke nan. Amma wannan hukuncin kasuwa ne, bai canza abin da ke cikin zanen ba. Shi kansa Chardin bai ɓoye wahalar da ke bayan kayan ba. A wani zanensa da ke Stockholm ya nuna irin wannan tukunya ta jan ƙarfe, ga mace ta sunkuya a gabanta tana tarar ruwa. Wanda ya kalli muciya da kyau zai ga kyawunta, zai kuma ga kantar hannun mai tuƙi da ita. Marubucin da bai taɓa tsayawa ya kalli kayan talaka ba, da wuya ya iya faɗin gaskiya a kan talauci.

Na biyu, za a ce wannan kira zai buɗe ƙofar cika littafi da lissafin tarkace, labari ya tsaya ana ƙirga cokula. Wannan haɗari ne na gaske, kuma maganinsa yana cikin labarin zomon nan. Chardin abu uku ko huɗu yake ajiyewa, ya bar sauran allon fili. An san shi da jinkirin aiki, ba ya sakin zane sai ya gamsu. Shi ma Giorgio Morandi na birnin Bologna a Italiya, wanda ya rasu a 1964, ya shafe shekaru da dama yana zana kwalabe da gwangwanaye da tuluna 'yan kaɗan, yana sauya musu wuri kawai. Lissafin motoci da lissafin tukwane duk lissafi ne. Abin da ake nema shi ne abu guda da aka kalla har aka gano abin da ya raba shi da 'yan'uwansa.

Na uku ya shafi masu zanenmu. Sanin kowa ne cewa malamai sun yi magana mai yawa a kan zana abu mai rai, wanda hakan ya sa iyaye da dama ba su son 'ya'yansu su kusanci wannan sana'a. Amma ya zo a cikin Buhari da Muslim cewa wani mai sana'ar zane ya nemi fatawa wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, ya kuwa nuna masa ya koma zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Ke nan nau'in zanen da Turawa suka mayar ƙurya shi ne wanda ƙofarsa ta fi buɗuwa gare mu. Ba kuma mu rasa abin zanawa ba. Tulunan da Ladi Kwali ta gina sun zaga Turai da Amurka ana nuna su, hotonta kuma yana jikin takardar Naira 20.

Kammalawa

Mun fara da wata tukunyar ruwa a tsohuwar fadar sarakunan Faransa, mun ga yadda masana suka ƙasƙantar da irin zanenta, da yadda ɗan kafinta ya ɗaukaka shi ta hanyar haƙurin kallo. Shawararmu ga 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa, mai sauƙi ce. Kafin ka fara babi na gaba, ɗauki abu guda a gidanku wanda ka fi shekara goma kana gani, ko buta ce, ko turmi, ko tabarmar sallar mahaifinka. Ajiye shi a gabanka ka zauna rabin sa'a. Duba inda ya goge da inda ya tsage, ka tambayi kanka hannun wa ya yi masa haka, kuma a wace shekara. Sannan ka rubuta jimla biyar, kada ka sa kalmar kyau ko muni a ciki. In ka kawo wa taronmu na karatu jimlolin nan, wani ya saurara ya ce ai gidanmu ma akwai irinta, to aikin ya yi.

Allah ya sa mu dace, amin.